Saniyar da Ta Ɓata Tsakanin Sanduna Biyu

Kai da ka ce wannan ba lissafi ba ne tunda ba a neman amsa, taso ka riƙe mini bakin igiyar nan. Riƙe mana, ba maciji ba ce. Kun taso tun daga Tudun Wada ku uku, kun ce in koya muku yadda ake shirya masu digiri su ci jarrabawar neman aiki, za ku buɗe naku wurin. Tun ba ku gama gaisuwa ba na ji ɗayanku yana raɗa wa na kusa da shi wai kafin watan nan ya mutu kun ƙware. Kunnena bai tsufa ba, gashina ne kawai ya yi fari. Ni Sabi'u a kan wannan abu na ƙarar da ƙuruciyata, kuma jiya-jiyan nan na yaga wata tambaya da na rubuta da hannuna saboda na gano tana yoyo.

Bari in fara da hajar da ake sayarwa a shagon nan. Bankuna da manyan kamfanoni idan za su ɗauki ma'aikata, ba sa kallon fuskar kowa sai ya tsallake jarrabawa. A cikinta akwai wasu tambayoyin lissafi da ba irin na makaranta ba. Za a ɗora maka tambaya ɗaya a sama, a jera bayani biyu a ƙarƙashinta. Ba a ce ka nemo amsa ba. An ce ka faɗa ko bayanin da aka ba ka zai kai mutum ga amsa guda ɗaya tak. Zaɓi biyar ne kullum. A, bayani na ɗaya shi kaɗai ya isa. B, na biyu shi kaɗai. C, sai an haɗa su. D, kowanne da kansa ya isa. E kuwa, ko an haɗa su biyun ba su isa ba. Ku riƙe wannan E ɗin a ranku, don a kanta labarin da zan ba ku yake.

Igiyar da ke hannunka ta rama ce. Ka ga ƙulle-ƙullen nan, tsakanin kowane biyu taku ɗaya ne. Jan ƙyallen da ke tsakiya shi ne sifili. Gefen dama lambobin da kowa ya sani, gefen hagu na mainos. Idan kuka ga an tsare lamba tsakanin sanduna biyu a tsaye, kamar haka, |x|, to Bature yana da dogon sunan da yake kiran abin, ni nisa nake ce masa. Nisan lambar daga jan ƙyallen, shi ke nan. Wanda ya yi taku biyar dama da wanda ya yi taku biyar hagu, dukansu nisansu biyar. Sandunan suna gaya maka tazara, su yi gum da bakinsu a kan gefe. Rabin masu faɗuwa a nan suke faɗuwa, domin mutuminmu ya tashi yana ƙirga buhu da awaki, bai taɓa ganin akuya mainos biyar ba. Da ya ga biyar sai ya rungume ta dama ya manta da ta hagu.

Ba ni na ƙulla igiyar ba. Ta Malam Ɗahiru ce, Allah ya jiƙansa, tsohon malamin lissafi a sakandaren da aka fara tura ni koyarwa a Bebeji. Siririn mutum ne mai shan shayi ba sukari, kuma bakinsa ma ba sukari. Bayan la'asar yakan tara masu neman aiki a zaurensa da wani tsohon littafi da bangonsa ya fita. Na ce ya koya mini. Zangon farko kaf ban yi komai ba sai riƙon bakin igiya da goge allo. Da ya ga ban gudu ba sai ya ce in je in rubuto tambaya tawa ta kaina, don a cewarsa wanda bai iya ɗana tarko ba ba zai koya wa wani tsallake shi ba.

Na kawo masa ina ɗaga kafaɗa. Tambayar ita ce, shin x ya fi sifili? Bayanin kuwa, |x| = x. Na ce ya isa, tunda lambar mainos ba za ta yi daidai da nisanta ba. Ya shimfiɗa igiya a ƙasa, ya taka jan ƙyallen da silifas ɗinsa.

"Ina nake tsaye, Sabi'u?"

"A kan sifili, Malam."

"Nisana daga sifili nawa?"

"Sifili."

"Bayaninka ya karɓe ni ke nan. To sifili ya fi sifili?"

Ya miƙo mini takardar ya ce in kai wa mai ƙosai ta naɗe wa yara, a can za ta yi amfani. Daga ranar duk tambayar da na kawo abu uku yake tambayata kafin ya karanta: ka gwada mainos, ka gwada sifili, ka gwada rabi? Haka na yi ta kai wa mai ƙosai takardu har ta fara gaishe ni da suna.

Da na yi ritaya na kama wannan shagon a Kwanar Ɗangora, saboda nan ne mahaɗa. Na Kiru da Ba'awa su zo a acaɓa, na Tudun Wada da Doguwa su sauka a bas, na Bebeji ma ba nisa. Kayan aikina ga su nan kuna gani: igiya, allo, alli, benci, da agogon tebur mai ƙararrawa. Agogon nan shi ne dodon masu karatun injiniya. Su ne masu shigowa suna hura hanci, su ga tambaya su dira mata, su cika takarda da lissafi har sai sun fito da amsa, alhali ba wanda ya aike su. Ƙararrawa ta kaɗa suna kan tambaya ta huɗu. Akwai masu hadda, su kuma so suke in ba su dokar da za su haddace, wai duk inda aka ga sanduna a zaɓi kaza. Akwai iyaye masu zuwa su ja ni gefe su tambaya ko ina da hanya a ciki. Nakan nuna musu titi in ce ga hanyar da na sani, tana zuwa Kano tana zuwa Zariya.

Sai shekarar da aka kulle gari saboda annoba. Kamfanoni suka daina ɗaukar mutane. Da aka buɗe, samari sun riga sun saba da kallon darasi a waya, kowa yana ganin ya zama malamin kansa. Shagon nan ya zama wurin kwanan ƙadangaru. Na ara wa mai shayin bakin titi bencina, na koma gonata a Kiru ina noman masara, hannun da ya saba da alli ya yi kanta. A duk daminar da ta biyo baya ɗalibi ɗaya na samu.

Sunansa Bello. Bafulatani ne, rugarsu tana tsakanin Tudun Wada da Doguwa, sun daɗe da zama a wurin, suna kiwo suna noma. Shi ne na farko a gidansu da ya gama jami'a, ya karanta tattalin arziki, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ruga da takardu a leda. Ya zauna irin wannan jarrabawa ba sau ɗaya ba, kullum a bakin ƙofa yake tsayawa. Ga shi bankuna suna da iyakar shekarun da suke ɗauka, shi kuwa ya zo gab da ita. Wani banki ya buɗe ɗauka, za a zauna jarrabawa wajen kaka, kuma wannan ce ta ƙarshe a gare shi. Sai da na matsa masa ya gaya mini sauran. Baffansa, wato mahaifinsa, ya ce idan wannan karon ma ba a dace ba, zai cire ƙannensa biyu daga makaranta su bi shanu, don ba zai ƙara zuba dabbobi a ramin da ba ya cika ba. Bello ya faɗi wannan yana kallon ƙasa, kamar labarin wani yake ba ni.

Na gwada shi, na ga yaro ne mai kai. Igiya ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan. Bai taɓa manta gefen hagu ba. Na ce a raina to me ke kayar da wannan? Na rubuta masa wata a allo. Nawa ne x? Bayani na ɗaya, |x − 3| = 5. Bayani na biyu, |x| ya fi ɗaya. Ku ma ku yi ta yanzu a kan igiya. Ka tsaya a kan uku, taku biyar dama ka sauka a takwas, taku biyar hagu ka sauka a mainos biyu. Amsa biyu, na ɗaya bai isa ba. Na biyu kuwa rabin duniya ya karɓa. Ka haɗa su, takwas ta fi taku ɗaya daga jan ƙyalle, mainos biyu ma haka. Ba wadda aka kora. E ke nan, ko makaho ya shafa. Bello ya rubuta takwas, ya rubuta mainos biyu, tsaf-tsaf da kyakkyawan rubutunsa, sannan ya zagaye C.

"Bello, x nawa ne?"

"Takwas ko mainos biyu, Malam."

"Bayani na biyu ya kori ɗaya a cikinsu?"

"Bai kora ba, Malam."

"To uban me ya kai ka C?"

Ya daɗe yana murza alƙalami. Can ya ce, "Malam, wanda ya rubuta tambayar nan babban malami ne. Ya ba ni bayani har biyu. Ni wane ne da zan ce masa abin da ya ba ni bai isa ba? Wataƙila akwai abin da ban gano ba."

Tirƙashi. Na koyar da masu manta mainos, na koyar da masu gaggawa, ban taɓa haɗuwa da wanda ke jin kunyar takarda ba. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga abin a fili yake tun ranar farko. Filako ne, irin kawaicin da ake renon Fulani da shi. Matata takan aiko mana da abinci shago, Bello ya yi loma biyu ya janye hannu ya ce ya ƙoshi, alhali tun asuba ya baro gida. In tambaye shi ya gane, ya ce ya gane. A gidansu yaro ba ya ce wa babba abin da ka ba ni ya yi kaɗan, ko abinci ne ko magana. Mu Hausawa ma muna da alkunya, amma tasu ta fi tamu tsauri. Shi kuwa duk wanda ya buga tambaya a takarda babba ne a wurinsa. Idan abu bai cika ba, to giɓin a kansa yake, ba a takardar ba.

Na yi faɗa. Na ce wanda ya rubuta tambayar da gangan ya rage, so yake ka kama shi. Ya ce to, Malam. Na ce ba ya ganinka, bai san kana duniya ba. Ya ce haka ne, Malam. Washegari na ba shi wasu, duk inda E take sai hannunsa ya kauce ya faɗa C. Idan na tsaya a kansa ina kallo yakan zaɓi E don ya faranta mini, ina juya baya ya koma gidan jiya. Raina ya ɓaci, don babu abin da ya fi gajiyar da malami kamar ɗalibin da ba ya musu.

Sai na ce bari in fitar da shi rana ko zai ji a jikinsa. Na ce masa gobe ba a shago za mu yi karatu ba, ya same ni da hantsi a bakin babban titi, kilomita biyu daga kwanar nan. Na tsaya ina kallon bakinsa, ina jira ya ce ta wane gefen. Ya ce, "To, Malam." Na je na zauna ta gefen Zariya, gindin wata ɗorawa, wajen wani mai rake. Shi kuwa ya nufi gefen Kano, don duk mutumin nan idan aka ce titi, Kano yake fuskanta. Da waya a aljihunsa, da lambata a ciki. Bai kira ba. Ya tsaya a can har rana ta take, sannan ya juyo da ƙafa, ya wuce kwanar, ya iso ni rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya durƙusa ya ce, "Malam, ka yi haƙuri na makara. Ban fahimci kwatancen da kyau ba."

"Wane kwatance? Na yi maka kwatance?"

"Ka yi, Malam."

"Ban yi ba! Rabi na ba ka!"

Ya ce to, Malam. Mai rake ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ɗan naka mai ladabi ne, Allah ya yi masa albarka." Na ce amin, ladabin ne zai kashe mu. Ranar na koma gida na ce wa matata yaron nan ya fi ƙarfina.

Abin ya warware ne ba da dabarata ba. Wata rana muna tsakiyar darasi, damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙirji, wayarsa ta yi ƙara. Ya nemi izini ya ɗauka. Wayar ta lalace, sai a lasifika take magana, don haka komai a kunnena. Ƙanensa ne, yana ta zuba Fulatanci da sauri. Abin da na tsinta shi ne wata saniya mai ciki ta ɓalle daga garke tun safe. Sai yaron ya juya Hausa ya ce ga wani tsoho manomi da ya ce ya gan ta, ya miƙa masa wayar.

Bello ya miƙe tsaye. Gaisuwar ma a gajarce ya yi ta.

"Baba, a ina ka gan ta?"

Tsohon ya ce kusa da gada, ba nisa, kamar daga gadar zuwa makarantar firamare.

"Ta wane ƙetaren? Na Doguwa ko na Tudun Wada?"

Tsohon ya ce shi dai kusa da gada ya gan ta, ja ce mai farin goshi.

"Baba, na san kamarta, tawa ce. Wannan bai ishe ni ba. Kana zuwa daga ina? Kafin ka hau gadar ka gan ta, ko sai da ka sauka?"

Na ajiye alli. Muryar ma ba tasa ba ce. Ya yi ta juya tsohon nan da tambaya, rana tana gabanka ko bayanka, ruwa yana hannunka na dama ko na hagu, har sai da ya tabbatar ƙetaren Doguwa ne. Ya gaya wa ƙanensa inda za su bi, ya yi wa tsohon godiya mai kyau, ya kashe waya, ya zauna, ya sunkuyar da kai ya koma Bellon da na sani.

"Bello, wannan da ka yi magana da shi sa'anka ne?"

"A'a, Malam, ya girmi Baffa."

"Me ka ce masa?"

Ya kau da kai gefe.

"Da kunnena na ji. Ka ce wa sa'an kakanka bayaninsa bai ishe ka ba. Ashe bakinka yana iya furta ta!"

"Malam, ai wannan saniya ce," ya ce, kamar ni ne ban da hankali. "Idan na ji kunya na tura yara gefen da ba ta nan, kafin su juyo ta shiga gonar mutane. A kan dabba ba a kawaici. Shi ma tsohon ya sani, ba zai ji haushi ba."

Na tashi na goge allon kaf. Na rubuta x babba, na yi mata ƙaho biyu. Na ce daga yau wannan saniyarka ce, ja mai farin goshi, kuma ta ɓata. Jan ƙyallen nan gada ce. Bayani na ɗaya ba malami ba ne, wani mai wucewa ne ka tare a hanya. Bayani na biyu wani mai wucewar ne daban, bai san na farko ba. Ka saurari kowanne shi kaɗai, sannan ka haɗa maganarsu. Tambayar ɗaya ce: za ka iya tura yara wuri guda su kamo ta, ko kuwa sai ka raba su biyu? Na sake rubuta masa tsohuwar tambayar nan ta takwas da mainos biyu. Ya dube ta, ya dubi igiya, ya ce, "Malam, su biyun nan ba wanda ya gaya mini ƙetare." Ya zagaye E, ya danna alƙalami har takardar ta huje.

Kada ku ɗauka an gama. Wanda ya daɗe da yunwa idan ya samu abinci sai ya wuce misali. Bello ya koma zabga E ko'ina, da ya hango sanduna ya ce bai isa ba. Nan aikin gaske yake, kuma nan ne masu koyo a waya suke tsayawa. Na ba shi |x − 3| = 2x. Ya buɗe gefe biyu, ya samu ɗaya da mainos uku, zai ce amsa biyu. Na ce mayar da mainos uku cikin bayanin ka gani. Ya mayar, ɗaya ɓangaren ya ba shi mainos shida. Na ce nisa yana zama mainos? Ya ce a'a. Na ce to wancan ƙetaren kogi ya cika ya shafe shi, saniya ba za ta tsaya a can ba. Saura wuri ɗaya, bayanin ya isa. Wani lokacin kuma wurare biyun duk suna nan, amma ba a tambaye ka inda take ba. An tambaye ka ne kawai ko ta yi nisa da gada fiye da taku ɗaya. Takwas ta yi, mainos biyu ta yi, amsa e ce ta kowane gefe, ya isa. Sai ka karanta abin da aka tambaye ka kafin ka fara rabon yara. Haka muka yi ta yi da agogo har aka fara yankan gero, ina ɗana masa tarko da mainos da sifili da rabi kamar yadda aka yi mini.

A Kano aka yi jarrabawar, a kan kwamfuta. Na gaya masa da an ba shi takardar gwaji ya ja layi ya ɗiga gadarsa a tsakiya kafin ya taɓa komai. Ya dawo na ce yaya, ya ce alhamdulillahi. Wannan ba labari ba ne, ko gidansu ne ya ƙone haka zai ce. Aka shiga jira. Ina gona ina karyar masara amma hankalina yana kan yara biyun nan da ban taɓa gani ba. Ban saba sa ɗalibi a raina ba, sana'a ce, wani ya ci wani ya faɗi. Wannan dai ya shiga.

Wata safiya ina share shagon nan sai ga shi ya sauko daga bas da ƙwarya a hannu, an rufe ta da faifai. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi masara, ya tambayi ƙafata da ke ciwo. Ni kuwa tsintsiya tana hannuna ina jira. Da ya gama ya ce, "Malam, sun turo sakamako."

"To?"

"Tsakanina da makin wucewa, uku ne."

Maki uku, bayan duk wannan wahala. Na jingine tsintsiya, na nemo irin maganar da ake yi. Na ce, "Bello, sai haƙuri. Ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Zan je in samu Baffanka da kaina a kan maganar yaran nan, ko zai..."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ce yau ga Bafulatani yana kuka a gabana, abin ya kai. Na matsa zan dafa shi, sai na ga ya toshe baki da hannun riga. Dariya yake yi.

"Malam," ya ce, "ba ka tambaye ni wane gefe ba."

Igiyar nan tana rataye a ƙusa, daidai saitin kansa, jan ƙyallen yana lilo.

"Wane gefen, ja'iri?"

"Na dama, Malam."

Na zauna a kan benci. Ya tura mini ƙwaryar, man shanu ne, ya ce Baffa ya ce a kawo. Na buɗe na duba, na ce masa wannan bai ishe ni ba. Ya ce zai gaya wa Baffa, amma sai ranar Asabar za a ƙaro, don masu kawowar suna makaranta.